Kifin shak, yaran da suka rayu, da tambayar ko zuwa bakin teku ya cancanta

Assalamu alaikum jama'a, sannunku da zuwa, na baya in ba ku ji sosai ku ɗaga hannu a ƙara murya. Toh tambayar da aka ce in yi magana a kai ita ce wadda iyaye ke yi duk sanda labari ya fito cewa kifin shak, wato babban kifin teku mai kaifin haƙora, ya kama wani yaro, wai shin zuwa bakin teku yawon shan iska ya kai a saka rai da lafiyar yara a kai? Ni dai tun yanzu zan faɗa muku inda na tsaya, a je. Amma yawancinmu tsoronmu ba a inda ya dace muka ajiye shi ba, kuma wannan shi ya fi damuna.

Bari mu fara da yaran da abin ya faɗa musu, dan ba na so mu yi ta lissafi mu manta mutum ne ake magana a kai. Ranar 31 ga Oktoba 2003 a tsibirin Kauai na Hawai, Bethany Hamilton tana da shekara 13, da sassafe tana kwance a kan allon da suke hawa igiyar ruwa da shi, hannunta na hagu yana lilo cikin ruwa, sai wani shak mai zane-zane a jiki irin na damisa, tsawonsa ya kai mita 4, ya zo ya cire hannun daga kusa da kafaɗa. Kafin a kai ta asibiti ta zubar da sama da kashi 60 cikin ɗari na jinin jikinta. Abin da ya riƙe ranta bayan ikon Allah, mahaifin ƙawarta da suke tare ne ya ɗaure dungulmin tamau da abin da ya samu cikin kayan wasansu, aka jawo ta gaɓa. Kuma ku ji ikon Allah, a safiyar nan babanta yana asibitin za a yi masa aikin gwiwa, shi aka fitar daga ɗakin tiyata aka shigar da ita. Kimanin wata ɗaya bayan nan ta koma kan ruwa, aka maƙala mata mariƙi a jikin allon dan ta iya nutsa shi da hannu ɗaya, a 2005 ta ci gasar ƙasa ta Amurka a rukuninta.

Ta biyu ta kusa-kusa ce, watan Yuni 2024 a gundumar Walton ta jihar Filorida. Yarinya ce 'yar shekara 15 daga jihar Alabama, ita ko hawan igiyar ruwa ba ta yi, suna tsaye ne da ƙawayenta ruwa iya kugu. Ta rasa hannun hagu, aka yanke ƙafar dama daga saman gwiwa. Ita ma abin da ya faru shi ne akwai likitoci da ma'aikatan jinya cikin masu hutu a wurin, nan take suka ɗaure hannu da ƙafa aka tsayar da jinin kafin jirgi mai saukar ungulu ya ɗauke ta. Kuma abin da ya fi ci min rai a labarin nan, kamar awa ɗaya da rabi kafin nata, shak ya kama wata mata a gaɓar nan ɗin dai, 'yan kilomitoci kaɗan tsakani, amma su yaran ba su da labari. Dalilin haka a 2025 jihar Alabama ta kafa dokar da za a riƙa tura saƙon gargaɗi zuwa wayoyin mutanen da ke kusa in an samu hari.

Kun lura da abin da ya haɗa su biyun? Haƙorin kifin ba kasafai yake kashewa nan take ba, jini ne ke kashewa. Galibi shak ɗin cizo ɗaya yake yi ko biyu ya saki, to in ya taɓa babbar jijiyar cinya ko ta hammata mintoci kaɗan ne mutum ke da su. Shi ya sa ɗauri ya zama komai. A sama da ciwon ake yi, wato tsakanin ciwon da gangar jiki, a matse har jinin ya tsaya ko da mutum na ihu, kuma ba a kwancewa sai a hannun likita. Dan Allah duk wanda zai kai yara teku ya koyi wannan, ba ya ɗaukar yini guda.

Yanzu maganar warkewa, nan nake so mu ɗan daɗe, saboda a labarai sai a nuna maka ranar da abin ya faru, sai kuma a tsallaka a nuna maka yarinya tana murmushi da ƙafar roba, shikenan wai ta warke. Tsakanin hotunan nan biyu akwai tiyata kan tiyata, saboda cizon shak yage nama yake yi, kuma ruwan teku da bakin kifin cike suke da ƙwayoyin cuta, sai an yi ta wanke ciwon ana yanke naman da ya mutu kafin ma a rufe shi. Akwai ciwon da mutum ke ji a gaɓar da babu ita, yatsun da aka riga aka yanke su riƙa masa zugi cikin dare, kuma da gaske ne, jijiyoyi da ƙwaƙwalwa ne ba su daina neman gaɓar ba. Sannan yaro mai shekara 13 ko 15 jikinsa bai gama girma ba, bakin gaɓar robar da dungulmin ke shiga ciki yau ya yi daidai, bayan 'yan watanni ya matse ko ya yi sako-sako, a sake aunawa a sake ƙerawa, ga kuɗi, ga zirga-zirgar fisiyo, wato gashi da motsa jiki a asibiti, ga koyon ɗaure takalmi da saka riga da rubutu daga farko. Kuma fa a shekarun da yaro ya fi damuwa da yadda sa'o'insa ke kallonsa.

Sai zuciya. Wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, to haka abin yake, mafarkai, firgita, wani ko ƙarar ruwa ba ya son ji. Ba shi kaɗai ba, har ƙanne da abokan da suka ga jinin a ruwa. Dan haka ina roƙonku kar a ɗauki labarin Bethany a mayar da shi ma'aunin kowa, a ce ai wance wata ɗaya ta koma, kai me kake jira. Yaron da ya ce shi da teku har abada bai gaza ba, hakkinsa ne.

Toh mu zo kan lissafi. Akwai rajistar hare-haren shak ta duniya da aka fara tun 1958, yanzu tana hannun gidan adana tarihin halittu na jami'ar Filorida. A 2023 sun ƙirga cizo 69 wanda ba mutum ne ya tsokani kifin ba, mutum 10 suka rasu. A 2024 cizo 47, mutum 4 suka rasu. Duk duniya fa, cikin miliyoyin da ke shiga teku. Irin shak ya haura 500, amma uku ne ke da yawancin munanan raunukan, babban farin shak, da mai zanen damisa, da wanda ake wa laƙabi da bijimi, shi wannan na ukun har koguna yake shiga, ana samunsa a kogin Zambezi. Mu kuma 'yan Adam an ƙiyasta muna kashe musu wajen miliyan 100 duk shekara.

Ku ajiye wannan a gefe ku ji wannan. Hukumar lafiya ta duniya ta ce a 2021 mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci, yara da matasa da yawa a ciki. A bakin teku kuwa babban mai kisa shi ne wani siririn ruwa mai gudu da ke komawa ciki daga gaɓa, yana jan mutum kamar ana fizgarsa. A Amurka kaɗai yana cin wajen mutum 100 a shekara, kuma sama da kashi 80 cikin ɗari na ceton da masu gadin ruwa ke yi a gaɓar da ke da igiya saboda shi ne. Abin haɗarin, wurin da yake shi ya fi kama da lafiyayye, igiya ba ta fashewa a nan, ruwan ya yi luf ya ɗan yi duhu, sai uwa ta ce yauwa ku yi wasa a nan ya fi kwanciya. Wallahi wannan ya fi hana ni barci akan shak. In ya ja ka kar ka yi kokawa da shi kana neman gaɓa kai tsaye, gajiya ce ke nutsar da mutane, ka bar jikinka ya yi yawo a sama, ka ɗaga hannu, ko ka yi iyo ta gefe kana bin tsawon gaɓar har ka fita daga cikinsa, dan ba shi da faɗi sosai.

Na ga hannu a can, na'am Hajiya? Ta ce to ai lissafin duniya ba zai amfani uwar da ɗanta ne aka ciza ba. Gaskiyarki Hajiya, kuma akwai wani abu ma, haɗarin ba daidai yake a ko'ina ba. Tsibirin Reyuniyon na Faransa da ke tekun Indiya daga 2011 hare-hare suka yi yawa har a 2013 hukuma ta hana iyo da hawan igiyar ruwa a mafi yawan gaɓar. Resife a Birazil tun farkon shekarun 1990 suke fama, ga alluna nan an kafa ana gargaɗi. A irin waɗannan wuraren amsata ta canza, a zauna a kan yashi, ko a shiga inda aka killace kawai. Lokaci ma haka, asuba da almuru lokacin farautarsu ne, ruwa in ya gurɓace bayan ruwan sama, ko bakin kogi inda yake zuba cikin teku, ko kusa da masunta, ko ka ga ƙananan kifaye na tsalle tsuntsaye na faɗawa ruwa, to a fito. Kar a shiga da sarƙa ko agogo mai ƙyalli, kar yaro ya ware shi kaɗai.

Amma a gaɓar da ke da masu gadi, da rana, tsakanin tutocin da suka kafa, kamar ja da rawaya ɗin nan na Ostareliya, ƙungiyar masu ceto ta Amurka ta ƙiyasta yiwuwar nutsewa a irin wurin ɗaya ce cikin miliyan 18. To a kan me za a hana yaro? Yaron da ya saba da ruwa a gaban babba, ya koyi iyo, ya san yadda igiya ke bugu da yadda take ja, ya fi tsira akan wanda aka tsare har ya girma ya je da abokai a ɓoye, dan matashi zai je ɗin, ko da ku ko ba ku. Ga kuma abin da ba ya shiga lissafi, iyali a wuri ɗaya ba waya a hannu, yaro ya tsaya gaban ruwan da ba ya ganin ƙarshensa ya ga girman halittar Ubangiji da idonsa, ni a wurina wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kuma in kun isa, kafin kowa ya cire takalmi, babba ya je wurin mai gadin ruwa ya tambaye shi ina ne ruwan ke ja yau, an ga wani abu da safe ko ba a gani ba, su suna wurin tun fitowar rana kuma za su faɗa maka. An miƙo min takarda lokaci ya ƙure, sauran tambayoyin mu yi su a waje bayan an tashi. Na gode, Allah Ya kare mana zuri'a.