Me ya sa ruwa ke malalowa daga magudanar rufin gidanka a Legas?

Assalamu alaikum jama'a, musamman 'yan uwanmu mazauna Legas, daga Agege da Mile 12 zuwa Idi-Araba, Obalende da Alaba Rago. Yau za mu yi magana kan magudanar ruwan da ake kewaye bakin rufi da ita, wadda ke tara ruwan sama ta miƙa shi ga bututu ya sauka ƙasa. A gidaje da yawa, da zarar an sako ruwa mai ƙarfi sai ka ga ta cika ta batse, ruwa na zuba a jikin bango, yana shiga ta taga, wani lokaci har cikin silin.

Bari mu fara da yawan ruwan kansa, don wanda ya taso a Kano ko Katsina yakan raina shi. Ruwan da ke sauka a Legas a shekara yakan haura milimita 1,500, kusan ninki biyu na Kano ke nan. Yana farawa wajen Maris ko Afrilu, ya yi tsanani a Yuni da Yuli, ya ɗan lafa a Agusta, sannan ya dawo a Satumba da Oktoba. Lissafinsa kuma mai sauƙi ne: milimita 1 na ruwa a kan murabba'in mita 1 na rufi, lita 1 ce. Ka ɗauki ƙaramin gida mai rufin mita 10 tsawo, mita 10 faɗi. In aka yi ruwan milimita 50 cikin awa ɗaya, abin da ba baƙo ba ne a nan a watan Yuni, lita 5,000 ce ta sauka a kansa. Jarkar mai ruwa mai cin lita 25 guda 200 ke nan, wato kura 20 in kowace kura na ɗaukar jarka 10. Duk wannan ake so ya bi ta bututu biyu ko uku cikin awa guda.

Shawarata kafin ka kira kowa ko ka sayi komai ita ce, ranar da ake ruwa ka ɗauki lema ka fita ka zagaya gidan, in dai ba a tsawa. Ka tsaya ka kalla, ka ɗauki bidiyo da wayarka. Inda ruwan ke zubowa shi ne zai gaya maka abin da ya lalace. Mutane da yawa sukan biya kuɗin sauya magudana gaba ɗaya alhali leda ɗaya ce ta toshe bakin bututu, wasu kuma su yi ta shara kowane wata alhali tun ranar da aka ɗaura ta aka ɗaura ta a karkace.

In ka ga magudanar ta cika daga wannan kai zuwa wancan, amma ƙasan bututun ruwa kaɗan ke fitowa ko ma babu, to toshewa ce. Wannan ita ta fi yawa. Ƙurar hunturu takan kwanta a kan kwano daga Disamba zuwa Fabrairu, ruwan farko ya wanko ta ta zama laka. Ganyen mangwaro ya faɗa, iska ta kawo ledar fiya wata, tattabaru su yi sheƙa a kusurwa. Masu rufin nan na zamani mai yashi a jiki, su ma yashin yakan riƙa zubewa a hankali yana taruwa. In aka bar lakar ta daɗe har ciyawa takan tsiro a ciki. Ka ƙwanƙwasa bututun daga sama zuwa ƙasa da bayan sukundireba: inda babu komai zai yi ƙara fayau, inda ya toshe za ka ji ƙarar ta dushe. Galibi a gwiwar bututu ne, wajen da ya lanƙwasa ya koma jikin bango. A kwance gwiwar a zazzage, a kwashe lakar magudana da hannu a zuba a bokiti. Kada a tura ta cikin bututu da tsintsiya, don haka ne ake mai da ƙaramar toshewa babba. Bayan an gama a saka tiyo a wanke, sannan a ɗora 'yar raga mai tudu a bakin bututun. Ragar tana tare leda da ganye, amma ita ma sai an riƙa duba ta.

Wani gidan kuma bututunsa na aiki lafiya, amma ruwa na malalowa a tsakiyar magudanar, wuri ɗaya kullum. Nan magudanar ce ta lotsa, ta yi ciki. Ana so magudana ta ɗan gangara zuwa wajen bututu, kamar santimita 3 zuwa 5 a kowace mita 10. Ido ba ya ganin wannan gangarar daga ƙasa, amma ruwa ya san da ita. Abin da ke ɓata ta nauyi ne: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ga jiƙaƙƙiyar laka a kai, ga ƙarafan da ke riƙe da ita an yi musu tazara mai nisa don a rage kuɗi. Bai kamata tazarar ta wuce mita ɗaya ba, santimita 60 ma ya fi. Ranar da babu ruwa, a hau a zuba bokiti ɗaya a can ƙarshen da ya fi nisa da bututu. In ruwan ya tafi duka, madalla. In ya kwanta a wani wuri, nan ne za a ɗaga. Mai aiki zai ja igiya daga kai zuwa kai ya daidaita ƙarafan a kanta. Amma a fara duba katakon bakin rufin da aka kafe su a jiki. A damshin Legas katakon nan yakan ruɓe, gara ma takan ci shi, kuma ƙusa ba ta kama ruɓaɓɓen katako komai yawan bugu. In ka soka masa sukundireba ta shige, sauya shi za a yi.

Ruwan da ke kwanciya a irin wannan wuri yana da wata illar da ba a gani daga ƙasa. Sauro na iya tashi daga ƙwai ya zama babba cikin mako ɗaya zuwa kwana 10. Mutum ya share tsakar gida, ya kife robobi, ya sa gidan sauro, bai san ana ƙyanƙyashe shi a saman tagarsa ba.

Akwai kuma wanda magudanarsa tsaf take, gangara daidai, ruwa kaɗan ba ya damunta, amma da an kece da ruwa mai ƙarfi sai ya riƙa tsallake ta yana zuba ta gaba. Dubi irin rufin da ake yi yanzu, dogo mai tsini, ga kwanon alminiyam mai santsi. Ruwa na gangarowa da gudu, musamman a kwarin da rufi biyu suka haɗu, inda ruwan ɓangare biyu ke taruwa a wuri guda. In magudanar siririya ce, ko an kafa ta ƙasa da bakin kwano sosai, ruwan zai wuce ta sama. A bakin kwarin ana iya kafa ɗan falle na alminiyam a tsaye ya tare ruwan ya mai da shi ciki. In bai isa ba, a ƙara bututu, ko a sauya mai inci 3 da mai inci 4. Bambancin inci ɗaya ne a suna, amma filin da ruwa ke bi a bakin mai inci 4 ya kusa ninka na mai inci 3. Kuma doguwar magudana da ta wuce mita 10 ko 12 da bututu ɗaya tak, a ruwan Legas, ba ta isa ba.

In kuwa ta baya ruwan ke bi, tsakanin magudana da katako, yana zana baƙin layi a bango, to bakin kwanon bai shiga cikin magudanar yadda ya kamata ba. Falle ake sakawa a ƙarƙashin kwanon ya sauko cikinta. Ɗigo a mahaɗa kuma a goge, a bari ya bushe, a sa silikon ta ciki. Masu zama kusa da teku, irin su Lekki, Ajah da Apapa, iska mai gishiri na saurin cin ƙarfe, don haka in tsatsa ta huda wuri uku huɗu a daina faci, a koma alminiyam ko roba.

Yanzu ga wanda ya fi damuna, kuma ina roƙon duk mai gini ko mai shirin yin gini ya saurara da kyau. Gidajen da ake ɓoye rufinsu a bayan katanga, waɗanda magina ke kira farafet. Sun yi kyau a ido, shi ya sa suka cika sababbin unguwanni. Amma magudanarsu ta kankare ce, tana ciki, tsakanin katangar da bakin kwano. Magudanar waje in ta cika, a tsakar gida take zubarwa, kowa ya gani. Ta farafet in ta cika, katanga ta tare ta ta waje, hanya ɗaya ta rage wa ruwan: ya hau sama har ya kai bakin kwano ya faɗa cikin silin. Ba wanda zai sani sai an ga tabo, ko fenti ya fara kumbura, ko silin ɗin ya rufto da tsakar dare. Kuma a cikin silin ɗin nan wayoyin wuta suke.

Sau da yawa tun lokacin gini ake jawo matsalar. Ragowar siminti da buhunansa da guntayen bulo su faɗa cikin bututun da aka binne a bango, a rufe, a shafe. Ko a zuba kankaren a shimfiɗe ba gangara. Ko a bar mafita ɗaya ga ɓangare guda na gida.

Maganin da na fi amincewa da shi tsoho ne a wajenmu. Duk wanda ya san gidajen ƙasa na cikin birnin Kano ko Zariya ya san indararo, yadda yake huda rawanin soro ya miƙo waje ya watsa ruwa nesa da bango. Haka za a yi wa farafet. A huda katangar a saka guntun bututu ya leƙo waje, sama kaɗan da ƙasan magudanar, amma dole ya kasance ƙasa da bakin kwano. A ranakun lafiya ba zai zubar da komai ba, bututun asali ne ke aiki. Ranar da bututun ya toshe, ruwa na hawa zai tarar da wannan ƙofar ya fita waje kafin ya kai silin. Kai kuma da ka ga yana zuba ka san lokacin hawa sama ya yi. Kuɗinsa bai kai na gyaran silin ɗin ɗaki ɗaya ba. Bayan wannan, kowane ɓangare a ba shi mafita biyu aƙalla masu inci 4, a gyara gangarar da siminti, a shimfiɗa kwaltar nan da ake narkawa da wuta, a hau da ita jikin katangar, kada a tsaya a ƙasa kawai.

In ka riga ka ga silin ya yi ciki da ruwa, kashe wutar gidan tukuna, fitar da yara daga ɗakin, ajiye bokiti, sannan a huda ƙaramar kafa ruwan ya tsiyaye a hankali.

Saura ƙasa, inda bututun ke ƙarewa. Legas gari ne mai kwari a bakin ruwa, kuma in aka yi ruwa mai yawa lokacin da teku ta cika, kwatocin titi ba sa samun inda za su zubar. Wanda ya binne bututunsa ya haɗa shi kai tsaye da kwatar titi, ranar da kwatar ta cika ruwansa ba shi da mafita, sai ya taru a cikin bututun ya koma sama. A bar tazara: bututun ya zuba a fili cikin 'yar kwatar gida, ita kuma ta kai titi. Kada kuma a bar shi yana zuba a gindin bango, don nan ne damshi ke hawa, ƙasa ta zaizaye a kusa da harsashi. Kada a juya shi gidan maƙwabci, haƙƙi ne, kuma rigima da yawa a unguwanninmu daga nan take tashi. Mai hali ya sa tanki ya tara, ya bar ruwan farko mai datti ya wuce, sauran ya yi wanki da wanke-wanke.

Lokacin shara sau biyu ne aƙalla: a watan Maris kafin damina ta kankama, da kuma Agusta lokacin da ruwa ya ɗan tsagaita. Gidan da bishiya ta yi wa rumfa sai an ƙara.

Wajen hawa, don Allah a kiyaye. Kada a hau jiƙaƙƙen kwano, kada a hau ana hadari. A sami mai riƙe tsani, kuma kada a jingina shi a jikin magudanar. A duba inda wayar wuta ta shigo gidan, don a gidaje da yawa dab da bakin rufi take, tsanin ƙarfe kuwa bai kamata ya kusance ta ba. Tsofaffin gidaje masu rufin asbesto, kada a taka shi, yana karyewa ba zato, ƙurarsa kuma tana cutar da huhu. Bene kuwa a bar wa masu sana'a.

Yawancinmu a nan haya muke. Bidiyon da ka ɗauka ana ruwa, shi za ka nuna wa mai gida ko mai kula da gidan, tun kafin bango ya lalace a ce kai ka ɓata. In gidan yawa ne, a haɗa kuɗin shara a raba. Kuma duk wanda aka kira ya yi gyara, kafinta ne ko mai aikin famfo, a riƙe cikon kuɗinsa sai ya zuba bokiti biyu a can ƙarshen magudanar, kana tsaye a ƙasa kana ganin ruwan ya fito ta bututu duka. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a zauna lafiya.