Allon 144 da ya tsaya a 60: lacca kan gyaran allon laftof a Linux

Assalamu alaikum warahmatullah. Malamai da 'yan uwa ɗalibai, barkanmu da yamma. Na ga da yawanku kun zo da kwamfutocinku, to ku buɗe su, don abin da za mu yi yau da hannu ake koyonsa.

Kwanakin baya wani ɗalibi ya same ni ransa a ɓace. Ya tara kuɗi ya sayi laftof ta hannu, irin ta masu buga gem, allonta 144 ne, kuma a Windows ya gani da idonsa. Da ya sa Ubuntu, wadda nau'in Linux ce, sai ya duba saiti ya tarar da 60 kaɗai, babu wani zaɓi. Sau biyu yana goge komai yana sake sawa, har ya fara zargin mai shago.

Lambar nan tana nufin sau nawa allo ke sabunta hoto a daƙiƙa ɗaya. A 60, kowane hoto yana ɗaukar milisakan 16.7. A 144 bai kai 7 ba. Shi ya sa idan ka ja linzami ko ka gangara shafi za ka ga yana tafiya sumul, kuma idon da ya saba da haka ba ya son komawa baya.

Ban taɓa saitin allonsa ba. Na ce ya buɗe tamina, tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ya rubuta cat /proc/cmdline, wato layin da ke nuna umarnin da aka ba kanel, zuciyar Linux da ke sarrafa sassan na'ura, lokacin tashi. Can ƙarshe sai ga kalmar nomodeset. Na tambaye shi daga ina ta zo. Ya ce ranar da yake sa manhajar allon ya yi baƙi ƙirin, wani ya ce ya ƙara ta, kuma ta yi aiki. E, ta yi aiki, amma aikinta shi ne ta hana direban hoto, manhajar da ke tafiyar da katin hoto, karɓar ragamar allo. Kwamfutar sai ta zauna a kan duk abin da ta tarar lokacin kunnawa. Muka cire ta daga fayil ɗin /etc/default/grub, muka rubuta sudo update-grub, muka sa direban da ya dace, muka sake kunnawa. Sai ga 144 a jerin. Minti goma bai cika ba.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, ku tambayi na'ura kafin ku goge ta. Kowane allo yana da katin shaida da ake kira EDID, inda yake faɗa wa kwamfuta girman da saurin da zai iya. Idan kanel ɗinku tsoho ne, allon kuma sabo, yana iya kasa karanta katin gaba ɗaya, sai saurin sama ya ɓace. Maganin wannan sabon kanel ne.

Sai ku san inda kuke tsaye, wato wane tsarin nuna hoto a allo kuke amfani da shi, X11 ko Wayland. Ku rubuta echo $XDG_SESSION_TYPE. Idan ya ce x11, umarnin xrandr zai jero muku duk saurin da allon ke da shi, galibi a ƙarƙashin sunan eDP-1, da tauraro a kan wanda ke aiki. Idan ya ce wayland, kada ku wahalar da kanku da xrandr, ba zai canza komai ba, ku shiga saitin fuskar kwamfutarku, GNOME ko KDE. Wannan bambancin yana da muhimmanci ga masu haɗa majigi a aji. A X11, idan ka haɗa majigi mai 60 da allo mai 144, sau da yawa motsin tagogi yakan koma saurin majigin. Wayland kuwa yana ba kowane allo saurinsa. Ni shawarata ku koma Wayland. Masu katin hoto na NVIDIA ne suka daɗe suna shan wahalar ƙyaftawar hoto a can, amma direba 555 da ya fito a 2024 ya rage ta ƙwarai.

Akwai wata ƙyaftawar da ba ruwanta da NVIDIA. Allon yana da dabarar PSR, inda yake riƙe hoton ƙarshe da kansa don katin hoto ya huta. A wasu laftof tana sa allo ya riƙa walƙiya ko ya daskare na ɗan lokaci. Don kashe ta, mai katin hoto na Intel ya gwada i915.enable_psr=0, mai AMD ya gwada amdgpu.dcdebugmask=0x10, a fayil ɗin da muka ambata ɗazu. Amma don Allah ɗaya bayan ɗaya, kuma ku rubuta a takarda abin da kuka ƙara, kada ta zame muku wata nomodeset ɗin.

Kashe PSR yana cin batir, 144 ma yana ci. Idan an ɗauke wuta kuma rubutu kawai kake yi, mayar da allon 60 har wuta ta dawo.

Yanzu kowa ya rubuta cat /proc/cmdline. Wanda ya ga nomodeset ya ɗaga hannu, zan zo wurinsa.