Me Ke Tsayar da Jirgin Ƙasa a Tsakiyar Daji?

Assalamu alaikum, masu kallonmu. Mutumin Sakkwato da ke son shiga jirgin ƙasa dole ne ya fara da mota, domin har yau layin dogo bai taɓa shigowa birnin Shehu ba. Wanda Turawa suka shimfiɗa daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya je ya tsaya a Ƙauran Namoda a shekarar 1929, kuma a nan ya ƙare. Saboda haka wanda zai je Abuja, kuma hankalinsa ya fi kwanciya da jirgi, sai ya yi sammako bayan sallar asuba, ya bi ta Talata Mafara da Gusau da Funtuwa da Zariya, ya kwana a Kaduna, washegari ya nufi tashar Rigasa da tikitinsa a hannu. Bayan duk wannan ɗawainiya, idan aka ce masa jirgi zai makara, ko kuma tafiya ta yi nisa sai jirgin ya ja birki inda ba tasha ba gari, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne kan jirgin ya lalace ko direba ya yi sakaci. Wani lokaci hakan ne. Amma sau da yawa jirgin lafiyarsa lau, direban kuma umarni yake bi, matsalar tana ƙasa, a jikin hanyar da jirgin yake takawa.

Direban mota idan ya hangi rami a gabansa, sai ya murza sitiyari ya kauce, in hanyar ta yanke ma ya gangara ta gefen gona ya sake hawa kwalta. Direban jirgin ƙasa ba shi da sitiyari. Inda ƙarafan nan biyu suka nufa nan zai nufa, kuma tun da ƙafafun jirgin ƙarfe ne suna gudu a kan ƙarfe, santsin da ke ba shi damar jan taragai masu yawa da ɗan mai kaɗan shi ne kuma yake hana shi tsayawa nan take. Jirgin da ke gudun kilomita 100 a awa yana buƙatar ɗaruruwan mitoci kafin ya tsaya cak. Wanda ba zai iya kaucewa ba, ba zai kuma iya tsayawa da wuri ba, abin da ya rage masa idan ana shakkar hanya shi ne ya rage gudu tun daga nesa, ko ya tsaya ya jira.

Bari mu sunkuya mu dubi layin da kyau. A sama akwai ƙarafa biyu, tsakaninsu milimita 1,435 a sabon layi irin na Abuja zuwa Kaduna, ko milimita 1,067 a tsohon layi irin wanda ya zo Ƙauran Namoda. An ɗaure su a kan falankai na kankare ko katako ko ƙarfe waɗanda aka jera a gicciye, su kuma falankan suna kwance cikin tarin fasasshen dutse, dutsen yana zaune a kan tudun ƙasa da aka daddaɓe. Mai wucewa zai ɗauka dutsen nan ado ne ko cikon wuri, alhali shi ne ke riƙe da layin gaba ɗaya. An zaɓi mai kaifin gefe ne domin ya sarƙe da juna ya hana falankan motsi, ya rarraba nauyin jirgi a kan ƙasa, sannan ya bar ruwan sama ya tsiyaye ta tsakaninsa. Shekara da shekaru jirage suna niƙa shi, ƙura da yashi suna cike ramukansa, har ya daina tsiyayar da ruwa. Idan damina ta zo, ruwa ya kwanta a ƙarƙashi, sai ka ga duk lokacin da ƙafar jirgi ta taka wani falanki ya nutse kaɗan, laka ta fetso ta gefensa, ya sake tasowa. Wurin da ya fara haka ba ya gyaruwa da kansa. Gefe ɗaya na layin zai riƙa yin ƙasa da ɗayan, jirgi ya riƙa tangaɗi, injiniyoyi kuma su sa dokar rage gudu har sai an zo an tone wurin an zuba sabon dutse.

Dokar rage gudun nan ita ce ɓarauniyar lokaci da fasinja ba ya gani, kuma lissafinta mai sauƙi ne. Kilomita 10 a gudun kilomita 100 a awa minti 6 ne, amma in aka ce kada jirgi ya wuce gudun kilomita 20 a wannan tsakanin, sai ya ci minti 30. An yi asarar minti 24 ke nan ba tare da jirgin ya tsaya ko sau ɗaya ba, kuma idan irin wannan wuri ya kai uku a hanya ɗaya, fiye da awa guda ta tafi. A Ingila, bayan haɗarin Hatfield na watan Oktoban 2000, inda ƙarfen layi da ya daɗe da tsatstsagewa ya farfashe a ƙarƙashin jirgi har mutum huɗu suka rasu, sai da aka sa irin wannan doka a wurare fiye da dubu, kuma aka shafe watanni jirage ba sa zuwa a kan lokaci.

Sai batun zafi, wanda ba sai an yi wa Basakkwace dogon bayani a kansa ba. Duk wanda ya taɓa dafa ƙyauren ƙarfe da azahar a watan Afrilu ya san cewa ƙarfe ya fi iska ɗaukar zafi nesa ba kusa ba. Idan zafin gari ya kai digiri 40, ƙarfen layin da ke shanye a rana yana iya kai wa digiri 60. Abin da maƙeran unguwar Assada ta Sakkwato suka sani tun kaka da kakanni shi ne ƙarfe yana ƙara tsawo idan ya ɗauki zafi, yana tsukewa idan ya huce. Ƙarfen layi mai tsawon kilomita 1, in zafinsa ya ƙaru da digiri 30 kuma ba abin da ya riƙe shi, zai ƙara kusan santimita 35. A tsohon gini ana barin ɗan gibi tsakanin wannan ƙarfe da wancan domin su sami wurin miƙewa, kuma gibin nan ne ke haifar da ƙarar nan ta ƙwas-ƙwas da dattawan da suka shiga jirgin Gusau suke tunawa. A ginin zamani kuwa ana yi wa ƙarafan walda su zama dogon zare ɗaya, a ɗaure su tamau, ta yadda ƙarfen yana son miƙewa amma ba hali, sai ƙarfin ya taru a cikinsa. Muddin falankai da dutse suna riƙe da shi da kyau, ba abin da zai faru. Amma in dutsen ya yi ƙaranci a wani wuri, ko an kwance wasu maɗaurai, rana ɗaya da tsakar rana sai layin ya fizge gefe ya lanƙwashe kamar maciji, kuma jijjigar jirgin da ke tafe da gudu tana daga cikin abin da ke tunzura shi. Wannan ne ya sa a ranakun tsananin zafi ake umartar jirage su rage gudu. A watan Yulin 2022, lokacin da zafi ya haura digiri 40 a Ingila karo na farko a tarihin awonsu, sai da aka rufe wasu manyan layuka ɗungurungum, domin an ɗaure ƙarafansu ne bisa lissafin ƙasa mai sanyi. Abin da ya zame musu bala'i na kwana biyu, a nan shi ne bazara ta kowace shekara, sannan hunturu ya zo da sanyin asuba ya ja ƙarfen ta ɗaya ɓangaren, inda kuma yake da tsaga a nan yake karyewa.

Ambaliya ba ta buƙatar dogon sharhi. Waɗanda suka ga abin da ruwan Rima ya yi wa hanyar shiga Jami'ar Usmanu Danfodiyo a shekarar 2010 sun san yadda ruwa ke cinye ƙasa a ƙarƙashin gini. A layin dogo abin ya fi haɗari, domin ruwa yana iya kwashe tudun ƙasar ya bar ƙarafan suna reto a sama, daga nesa kuma direba ya gan su kamar lafiya lau. Kwalbati ɗaya da shara da yashi suka toshe ya isa ya jawo haka.

Wurin da ya fi kowane rauni a jikin layi shi ne mahaɗa, wato inda ake karkatar da jirgi daga wannan layi zuwa wancan. A nan akwai wasu siraran ƙarafa masu kama da harshe da ke motsawa dama ko hagu, kuma dole ne harshen ya manne sosai a jikin babban ƙarfen, a kulle shi, kafin jirgi ya taka. Ɗan dutse ɗaya da ya maƙale a tsakani, ko yashin da iskar hunturu ta tara, ko rashin man shafawa, ya isa ya hana shi rufuwa. A tsarin da na'ura ke aiki, idan harshen bai kullu ba fitila ba za ta ba jirgi hannu ba. Haka ma hanyar gane ko akwai jirgi a wani yanki, wadda wani Ba'amurke mai suna William Robinson ya ƙirƙiro a shekarar 1872: ana tura 'yar wutar lantarki ta cikin ƙarafan, idan jirgi ya shigo ƙafafunsa su haɗe ƙarafan biyu, sai fitila ta koma ja. Hikimar da ke ciki ita ce, in waya ta tsinke, ko ƙarfe ya karye, ko wuta ta ɗauke, fitilar ja za ta nuna. An gina ta ne da gangan ta yadda duk sanda ta rasa tabbas za ta ce a tsaya. Fasinjan da ke zufa a cikin tarago yana tsaki yana da gaskiyarsa, amma a ganina tsayuwar nan ba ita ce abin zargi ba, abin zargi shi ne barin na'urar ta lalace ta kuma daɗe a lalace.

Misali na kusa shi ne abin da ya faru ranar 26 ga Agustan 2025, lokacin da jirgin da ya taso daga Abuja zuwa Kaduna ya sauka daga kan layi a tashar Asham. Rahoton farko na hukumar binciken haɗurra ta ƙasa ya nuna cewa na'urar da ke juya mahaɗar wurin ba ta aiki, da hannu ake juya ta a kulle, kuma wasu falankan da suka lalace a wani haɗari da aka yi a baya a wurin faci aka yi musu maimakon a canza su. Sai da aka shafe fiye da wata guda babu jirgi a wannan hanya. Ga kuma hannun ɗan Adam, wato masu kwance noti da maɗaurai da wayoyi suna kai wa 'yan jari-bola, su karɓi abin da bai taka kara ya karya ba, su bar ɓarnar da gyaranta zai ci miliyoyi. Mafi muni a wannan babi shi ne harin ranar 28 ga Maris 2022, inda aka dasa bam a kan layin, aka kashe mutane aka kuma sace wasu, jirgi bai sake tashi ba sai a watan Disamba na shekarar.

Saura tambayar da fasinjoji suka fi yi, wato me ya sa matsalar da ta faru a wuri ɗaya da safe take makarar da jirgin yamma. Layin Abuja zuwa Kaduna, mai tsawon kilomita 186 wanda aka buɗe a watan Yulin 2016, tilo ne, jirgin da ke zuwa da wanda ke dawowa a kansa suke tafiya, kuma ba sa iya wuce juna sai a tashar da aka yi wa layin ratse. Idan aka tsara za su haɗu a wata tasha, sai ɗaya ya makara da rabin awa, dole ne ɗayan ya zauna ya jira shi ko da shi bai yi laifin komai ba. Sannan taragan da suka iso tashar Idu ta Abuja a makare su ne dai za su juya su koma Rigasa, saboda haka lattin safe yana bin jirgin har dare, yana ƙaruwa a kowace juyawa. Layin Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021 biyu ne, in ɗaya ya sami matsala ana iya lallaɓawa ta ɗayan. A layi tilo kuwa hatta gyaran kansa yana cin lokacin fasinja, domin ba a tone dutse ko canza ƙarfe jirgi yana wucewa, dole ne ko a yi aikin cikin dare ko a soke wata tafiya.

Yanzu haka ana aikin layin Kaduna zuwa Kano, da na Kano zuwa Maraɗi wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021, zai kuma bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, ƙasa mai zafi da yashi da ruwan damina mai zuwa da ƙarfi lokaci guda, irin tamu sak. Duk abin da bazara da hunturu za su yi wa ƙarafan Jibiya, shi za su yi wa na Sakkwato ranar da Allah Ya kawo layi nan. A ranar buɗe layi ana yanka kyalle a ɗauki hoto da sababbin taragai, amma ma'aikacin da zai riƙa taka layin da ƙafa yana duba noti ɗaya bayan ɗaya, da wanda zai yashe kwalbati a watan Mayu kafin ruwan farko, da kuɗin sabon dutse bayan wasu shekaru, ba sa fitowa a hoton, kuma su ne za su yanke ko jirgin ƙarfe takwas zai tashi ƙarfe takwas.