Yadda Lantarki Ke Jan Ruwa Cikin Yumɓu, da Inda Lissafinsa Ke Kucewa

Ku ɗauka ga wani akwati. Jiƙaƙƙen yumɓu ne a ciki, tsawonsa mita 1, an kafa sanda a kowane gefe, ɗaya fozitif ɗaya negatif. Da an kunna wuta sai ruwa ya fara tsattsafowa ta wajen sandar negatif, ba famfo ba gangare. Wani masanin kimiyya mai suna Reuss ne ya bayyana wannan a Mosko a 1809, daga baya injiniya Leo Casagrande ya yi amfani da shi a Jamus wajen tsotse ruwan ƙasa mai taushi.

Dalilin shi ne fuskar ƙwayoyin yumɓu na ɗauke da cajin negatif, don haka ayon (ƙananan ƙwayoyin sinadari masu caji) masu cajin fozitif ke taruwa a ruwan da ke manne da ita. Wuta ta ja su, su kuma su jawo ruwan.

Mai son ya lissafa wannan yana da dokoki uku a hannu: ta Darcy ta 1856 a kan gudun ruwa, ta Fick ta 1855 a kan yaɗuwar sinadari, sai ta Ohm a kan lantarki. Kowace na ɗaure kwarara guda da sanadi guda. A cikin yumɓu kuwa kowane sanadi na taɓa dukkan kwarara ukun, shi ya sa ake jera ma'aunai 9 a jadawali. Ƙa'idar Onsager ta 1931 ta nuna cewa ma'aunai masu fuskantar juna a jadawalin daidai suke, sai su koma 6.

Mu sa lambobi. A ce ruwa na ratsa yumɓun da kashi 1 cikin biliyan na mita a daƙiƙa in ruwa mai tsayin mita 1 ke danna shi, ma'aunin jan ruwa na lantarki kuma kashi 5 cikin biliyan na mita a daƙiƙa ga kowane bolt 1 a mita. A ba shi bolt 100 a mita. Ruwan zai yi tafiyar kusan santimita 4 a rana. In da matsi za a samu wannan gudun, sai an tara ruwa mai tsayin mita 500 a kan akwatin. Shi ya sa dabarar ke cin riba a yumɓu, a yashi kuwa ɓata wuta ne.

To, a nan gizo ke saƙar. Sandunan suna farfasa ruwa. A wajen fozitif asid ke fita, pH (ma'aunin ƙarfin asid ko alkali) ya sauka kusa da 2. A wajen negatif ya hau zuwa kusan 12. Ayon na asid ya ninka na alkali gudu kusan sau 1.8, don haka can kusa da sandar negatif suke haɗuwa. In ana amfani da dabarar don tsabtace gurɓatacciyar ƙasa, a wurin dalma da tutiya da ake son fitarwa sukan daskare su toshe ramukan ƙasa. Wuta ta daina ratsa wannan siririn yanki da sauƙi, yawancin ƙarfinta ya ƙare a nan, sauran akwatin ya zauna kusan babu abin da ke motsi. Asid kuma yana rage cajin fuskar yumɓu, har ruwan kan tsaya, wani lokaci ma ya juyo baya.

Saboda haka duk lissafin da ya bar ma'aunan nan ba sa canzawa zai dace da gwaji a kwanakin farko kawai. Daidai shi ne a yanka akwatin gida-gida a kwamfuta, a kowane taki a fara matsar da ayon, a sake lissafa pH da abin da ya narke ko ya daskare, sannan a sabunta ma'aunan kafin taki na gaba. A tabbata cajin fozitif da na negatif sun daidaita a kowane gida. In gidajen sun yi faɗi a mahaɗar asid da alkali, sakamakon zai riƙa rawa, har kwamfuta ta nuna yawan dalma ƙasa da sifili. In kun ga haka, ku ƙanƙanta gidajen wurin, ku rage tsawon takin, ku sake gudanar da shi.