Jawabin Maraba ga Babbar Jojin Najeriya, Mai Shari'a Kudirat Kekere-Ekun, a Birnin Katsina

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma Babbar Jojin Najeriya, iyayenmu sarakuna, masu girma alƙalai, malamanmu, lauyoyi da sauran jama'a, barkanku da zuwa.

Ranki ya daɗe, a madadin lauyoyi da dattawa da 'yan kasuwar wannan gari muna yi miki lale marhabin da zuwa Katsina ta Korau, ɗakin kara, tudu garin Ɗan Marna. Kin sha hanya. Allah ya huta gajiya.

Babu wanda ke zaune a wannan zaure da yake buƙatar a gaya masa ko ke wace ce. Daga Jami'ar Legas a 1980, aka rantsar da ke lauya a 1981, kika ƙaro digiri na biyu a Landan a 1983. Abin da ya fi burge mu shi ne ba ta sama kika faɗo ba. Daga kujerar majistare kika fara a 1989, inda ake kawo rigimar ɗan haya da mai gida da ƙaramin ɓarawo. A 1996 kika hau Babbar Kotun Legas, aka kuma ɗora miki kotun musamman ta 'yan fashi da makami a Ikeja, aikin da maza da yawa ke gudu. Sai Kotun Ɗaukaka Ƙara a 2004, Kotun Ƙoli a 2013, sannan a 2024 Allah ya ba ki wannan kujera, mace ta biyu da ta hau ta bayan Mai Shari'a Aloma Mukhtar. Allah ya taya ki riƙo.

Don kin yi shekara 9 a Kotun Ɗaukaka Ƙara ne muka ga babu amfanin ɓoye abin da ke ranmu sai ƙarshen jawabi. Buƙatarmu ɗaya ce: a buɗe reshen Kotun Ɗaukaka Ƙara a Katsina.

Shari'a ba baƙuwa ba ce a garin nan. Tun ƙarni na 15 Shehu Magili ya sauka Katsina ya karantar, hasumiyar Gobarau kuma tana nan tsaye, za ki gan ta da idonki. Nan Wali Ɗan Masani da Wali Ɗan Marna suka yi zamaninsu, ɗalibai na zuwa daga nesa neman fiƙihu. Ko da Turawa suka tashi kafa babbar makarantar Arewa a 1921, ba su ga inda ya fi Katsina ba, kuma a Kwalejin Katsina ne Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu.

Kujerar da kike kai ma, ranki ya daɗe, ɗanmu ya zauna a kanta. Marigayi Mai Shari'a Muhammadu Bello haifaffen birnin nan ne, a 1930, ɗan gidan Muftin Katsina, wanda ya buɗe ido ya tarar da littattafan shari'a a zauren mahaifinsa. Ya tafi Ingila ya zama lauya a 1956, lokacin da lauyoyin Arewa duka ba su cika yatsun hannu ba. Ya shiga Kotun Ƙoli a 1975, ya zama Babban Jojin Najeriya a 1987, shekarar da aka ba mu jiharmu, ya riƙe har 1995. Shi ne ɗan Arewa na farko da ya hau wannan matsayi. Kusan duk zamaninsa mulkin soja ne, ga dokoki masu ɗaure wa kotu hannu, amma ya sauka da mutuncinsa, har ya koma ga Allah a 2004. Allah ya jiƙansa.

Ga inda abin ya fi yi mana ciwo. An kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara a 1976. Shekara 2 da kafa ta, marigayi Mai Shari'a Mamman Nasir, wanda daga baya ya zama Galadiman Katsina Hakimin Malumfashi, ya karɓi shugabancinta, ya riƙe daga 1978 zuwa 1992. Mai Shari'a Umaru Abdullahi, Walin Hausa, shi ma ya shugabance ta daga 1999 zuwa 2009. Shekara 24 ke nan wannan kotu tana hannun 'ya'yan jihar nan. A hannunsu ta girma, rassanta suka yaɗu. Babu wanda ya jawo ta gida cikinsu, don ba su so a ce sun yi son kai. Mun yaba musu a kan haka, har gobe muna yabawa. Amma kunyar da suka ji, talakan Katsina ne ke biyan kuɗinta.

Shekara da shekaru Kaduna muke zuwa. An buɗe reshe a Sakkwato, an buɗe a Kano, an buɗe a Gombe. Muna taya su murna. Mu dai, jiha mai ƙananan hukumomi 34 da masarautu biyu masu daɗaɗɗen tarihi, har yau duk wanda hukunci bai gamsar da shi ba sai ya ƙetare iyakar jiha kafin a saurare shi.

Muna roƙon ki dubi su wa ke wannan tafiya. Yawancin ƙararrakinmu na gado ne da gona da aure. Bazawara ce daga Jibiya ko Mai'aduwa, mijinta ya rasu, dangi sun hana marayunta gonarsu. Ta faro daga kotun shari'a ta ƙauyensu, ta hau babbar kotun shari'a, ta kai gaban Alƙalin Alƙalai a nan Katsina, ta yi nasara, abokan shari'a suka ɗaukaka ƙara. Daga nan sai ta sayar da akuya don kuɗin motar lauya, ta sayar da buhun gero don masaukinsa. Lauya ya bugi sammako, jakar takardu a cinyarsa, ya isa kotu a ce masa an ɗage zama. Wata zuwan babu akuyar sayarwa. Haka ake barin gona ga wanda ya fi ƙarfin aljihu, ba ga mai gaskiya ba. Ga kuma halin da hanyoyinmu ke ciki na 'yan bindiga, wanda ba sai mun tsaya yi miki bayani ba. Akwai lauyoyi a zauren nan da iyalansu ba sa runtsawa sai sun ji sallamarsu a ƙofar gida.

Mun san buɗe reshe yana bi ta hannun shugabancin Kotun Ɗaukaka Ƙara, mun kuma san akwai batun kuɗi da yawan alƙalai, musamman da yake tsarin mulki ya ce ƙarar da ta fito daga kotun shari'ar Musulunci sai alƙalai 3 masana shari'ar sun zauna a kanta. To amma ke ce shugabar Majalisar Shari'a ta Ƙasa, wadda ke ba da shawarar naɗa alƙalai, kuɗin kotuna kuma ta hannunta suke bi. In kika sa baki, magana ta yi nauyi. Masana fiƙihu kuwa, Katsina ba ta taɓa rasa su ba.

Akwai sauran damuwa, kamar matasan da ke zaman jiran shari'a a gidan yari da ƙarancin alƙalai a manyan kotunanmu. Mun rubuta su a takardar da za mu miƙa miki, ba za mu cika ki da su yanzu ba, don kada su rufe babbar maganar.

Idan ginin reshe zai ɗauki lokaci, muna roƙon a fara turo mana ayarin alƙalan Kotun Ɗaukaka Ƙara suna zama a Katsina lokaci zuwa lokaci, su rage tarin ƙararrakin jihar nan. Amma wannan na wucin gadi ne. Reshe muke roƙo, ranki ya daɗe, kuma muna roƙon ya tabbata a zamaninki.

Allah ya ƙara miki lafiya da basira, ya tsare ki daga sharrin masu sharri, ya mayar da ke Abuja lafiya ke da tawagarki. Amin.

Kwamitin Tarbar Baƙi, Katsina.