Takalmin da Ya Ci Hunturu Huɗu a Winnipeg

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Bari in juyo da kyamarar ku ga waje. Wannan farin da ya rufe motoci dusar ƙanƙara ce ta daren jiya. Ga kuma wayar lantarki na leƙowa daga gaban kowace mota, da ita ake jona injin kada ya daskare kafin safiya. Nan Winnipeg ne, a lardin Manitoba na Kanada. A watan Janairu sanyi yakan kai digiri 30 ƙasa da sifili, in iska ta kaɗa kuwa fatar da ba a rufe ba takan ƙone cikin mintuna.

Wani ƙanena da zai zo karatu ya tambaye ni yadda zai yi tsimi da tanadi a nan. Na ce masa zan ba shi amsa da takalmi. Ga shi.

Shekarar da na zo, kowace dala na gani sai na juya ta zuwa naira a zuciyata, gabana ya faɗi. Don haka na shiga wani kanti na ɗauki takalmin sanyi mafi araha, dala 40. Ban ma san kuɗin da ke jikin takardar ba shi ne ƙarshe ba, sai a wajen biya aka ɗora harajin kashi 5 na tarayya da kashi 7 na lardi. Takalmin bai kai wata biyu ba. Gishirin da ake watsa wa hanya don narkar da ƙanƙara ya ci gam ɗin, tafin ya buɗe baki, ruwa ya shiga. Wata safiya ina jiran bas a titin Portage na daina jin yatsun ƙafata gaba ɗaya. Na tsorata ƙwarai. Na sake sayen irinsa, shi ma ya bi sahun ɗan'uwansa. Kafin hunturu na biyu ya ƙare na sayi uku.

Wannan da ke hannuna dala 170 na saye shi, a rangwamen 26 ga Disamba, washegarin Kirsimeti. Ku matso ku gani. Ƙasansa roba ce mai kauri da aka zuba ta a dunƙule, ba inda ruwa zai bi. Samansa fata ce, ga ɗinki layi biyu. Na cikin nan kuma, wannan mai kama da bargo, cire shi ake yi. Duk dare sai in zare shi in shanya kusa da hita, domin gumin ƙafa in ya kwana a ciki shi ne yake zama sanyin gobe. Na cikin ya taɓa lalacewa, na sayi sabo na saka, takalmin yana nan. Hunturu huɗu ke nan. Ku raba 170 gida huɗu, ku kwatanta da ukun can da suka tafi bola.

Abin da ya fi damuna shi ne mun san wannan tun daga gida. Mahaifina yana da babbar riga ta shadda Gezna da ya ɗinka tun ina firamare, har yau in an kai ta wajen masu bugu sai ta dawo tana ɗaukar ido. Hajiyarmu ba ta sayen atamfa a Kantin Kwari sai ta murza bakin zanen tsakanin yatsunta, tana cewa araha ba ta ado. Amma da muka fito waje, tsoron canji ya mantar da mu.

Kada kuma wani ya ɗauka ina cewa komai sai mai tsada. Rigar sanyin nan gwanjo ce, a Value Village na samo ta, kamar dai mutum ya shiga Ƙofar Wambai ya zauna ya tona dila. Abin dubawa nake so ku koya. Ku karanta ƙyallen ciki ku ga ko gashin agwagwa aka cusa mata. Ku ja zif sama da ƙasa sau biyar, in kun ga YKK, sunan wani kamfanin zif, a jikinsa alama ce mai kyau. Ku juya hammata ku duba ɗinki. Cokali, faranti, labule, waɗannan kowanne ka samu ya yi. Amma abin da zai tsaya tsakaninka da sanyin garin nan, takalmi da riga da safar hannu, a nan nake roƙonku kada ku yi ƙwauro.

Ƙanena, in ka sauka a watan Satumba kada ka yi gaggawa, sanyin gaske bai fara ba tukuna. Ka zo mu je tare, ka gwada da safa mai kauri a ƙafarka, ka bar wa yatsunka wurin motsi.

Bas ɗina saura minti goma. Bari in goge farin gishirin nan da tsumma mai ɗumi in shafa masa mai kafin in fita.