Karyar gonarmu ta kawo kurciya: a gasa ko a binne?

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da safiya. Ina yi muku magana ne daga wata gona a bayan garin Ha'il, arewacin Saudiyya, inda muke aikin dabino da kiwon tumaki. Duwatsun da kuke hangowa a bayana su ne Aja. Bari in sauke kyamarar ƙasa ku ga abin da ya sa na kunna ta tun ban sha shayi ba.

Kun gan ta? Kurciya ce, a bakin ƙofar ɗakinmu muka tashi muka same ta. Ku duba gashin bayanta, ya jiƙe da yawu ya manne, fiffike ɗaya ya saki, wuyan ya langaɓe. Na juya ta da kara ban ga hujin haƙori ko ɗaya ba, jini kuma ɗan kaɗan ne a gefen baki. Jikin bai sandare ba, tururuwa ma ba su kai ga gano ta ba, ke nan ba a daɗe da kashe ta ba. Ga kuma wadda ta yi aikin can a gindin tankin ruwa, ta miƙe ƙafafu tana kaɗa wutsiya, idonta a kanmu. Saluki ce, wato irin karnukan farauta na Larabawa, karyar mai gona, mu muna kiranta Iska.

Kafin in ɗauko waya har an yi 'yar hayaniya. Wani ƙaninmu ɗan Damagaram ya zaro tiyon ban ruwa zai zabga mata, wai ta zama muguwa, yau kurciya gobe kajin gida. Abokin aikinmu ɗan Zariya kuma ya ce a bar masa, ai kare ne ya kamo, halal ce, ya fige ya gasa. Baba, dattijonmu da ya daɗe yana kiwo a ƙasar nan, shi ya raba gardamar. Ya dubi na farko ya ce, "Yaro, ajiye tiyon nan, ba ta yi maka laifi ba." Ya juya ga na biyu ya ce, "Kai kuma ɗana, wa ya aike ta? Wa ya yi bisimilla?" Ni ina bayan Baba a duka biyun, kuma zan faɗa muku dalili.

Mu fara da ita kanta dabbar. Ku dubi ƙirarta yanzu da ta miƙe: ƙafafu dogaye, ƙirji mai zurfi, ciki a ɗame, kai siriri. Duk wanda ya san karnukan Buzaye na yankin Azawak a Nijar da Mali zai ga kama. Irin waɗannan da ido suke farauta, ba da hanci ba kamar yawancin karnuka. Da zarar abu ya motsa a fili, ƙafarta ta riga tunaninta, kuma idan ta ware tana wuce kilomita 60 a awa. Makiyayan Larabawa sun daɗe suna kama zomo da barewa da ita, wani lokaci su haɗa ta da shaho, shi ya buge daga sama ita ta cimma daga ƙasa. Baba ya ce tun tana kwikwiyo ake fara gwada ta da jarbu, ɓeran nan na hamada mai dogayen ƙafafun baya, wasu har lalle suke sa mata a tafin ƙafa saboda zafin yashi da tsakuwa.

Abin kuma ba jiya ya fara ba. A nan yankin Ha'il akwai Jubba, wajen kilomita 90 arewa da gari, a cikin yashin Nafud, akwai kuma Shuwaimis can kudu. Mutanen da suka zauna a wuraren sun sassaƙa hotuna a jikin duwatsu, har hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2015. A 2017 masu binciken kayan tarihi suka fitar da sakamakon nazarinsu a kan zanen karnuka sama da 300 da ke wurin, waɗanda aka ƙiyasta sun kai shekara 8,000. Za ka ga maharbi riƙe da baka, karnuka sun kewaye shi, wasunsu da igiya daga wuyansu zuwa ƙugunsa. Ƙirarsu ba irin ta saluki ba ce, kunnuwansu a tsaye suke, wutsiya a naɗe, sun fi kama da karnukan ƙauyukanmu. Amma igiyar nan ita ta fi tsaya mini a rai. Tun wancan zamanin mutum ke riƙe kare, ya sake shi lokacin da ya ga dama, kan abin da ya ga dama. Mu muka zaɓi masu gudu muka haɗa su da masu gudu, zuriya bayan zuriya, to da wane baki za mu doke ta don ta yi gudun?

Masana ɗabi'ar dabbobi suna cewa farautar kare matakai ce a jere: ya hango, ya kafa ido, ya yi sanɗa, ya bi da gudu, ya cafke, ya kashe, ya yayyaga, ya ci. Kyarkeci, kakan karnuka, yana yin su duka don da su yake rayuwa. Mutum kuma ya zo ya ƙarfafa wani mataki ya raunana wani gwargwadon buƙatarsa. Karen kiwo na Turawa an bar masa kafa ido da sanɗa da kora, an rage masa cizo, shi ya sa yake tattara tumaki bai fasa ko ɗaya ba. Labrador na Ingila an gina shi ne a kan ɗauko agwagwar da maharbi ya harbo, ya riƙe ta a baki a hankali ya kawo. Saluki an cika mata gudu da cafka. Ita kuwa ɗaukowa zuwa gida, kyarkeci ma yana kai wa 'ya'yansa nama a rami, kuma kare yana son ya kai abin da ya samu inda hankalinsa ya kwanta. Ƙofar ɗakinmu ce wurin da Iska take cin abinci, nan ake shafa mata kai. Ba camfi a ciki, ba alamar mutuwa ba ce, ba kuma aikin asiri ba, kamar yadda na taɓa jin wasu suna faɗa a gida.

Yanzu ga maganar gasawa, kuma a nan nake so ku ba ni kunnenku sosai, domin da yawa daga cikinmu mun ji cewa abin da karen farauta ya kama halal ne, amma ba mu ji sharuɗɗan ba. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da dabbobin farauta da muka horar suka kama mana, tare da ambaton sunan Allah. Sahabin da ya fi yi wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, tambaya a kan wannan shi ne Adiyyu ɗan Hatim, Allah ya ƙara masa yarda, kuma ɗan ƙabilar Ɗayyi ne, mutanen waɗannan duwatsun na Aja da Salma da muke zaune a gindinsu. Hadisinsa yana cikin Bukhari da Muslim. Ma'anarsa ita ce idan ka saki karenka horarre, ka ambaci sunan Allah, to ka ci abin da ya kama maka ko da ya kashe. Idan ka tarar da wani kare tare da naka ba ka san wanda ya kashe ba, kada ka ci, don a kan naka ka yi bisimilla. Idan kuma karen ya ci daga ciki, kada ka ci, domin kansa ya kama wa.

A wannan gaɓar ta ƙarshe malamai sun saɓa. Mutanen ƙasar nan mabiya mazhabar Hambaliyya ne, a wurinsu da kare ya ci, shi ke nan an bar masa. Malamanmu na Malikiyya sun sassauta, sun ce cin da ya yi ba ya haramta sauran muddin horarre ne kuma kai ka sake shi. Amma a kan aikewa babu sassauci ko a wurinmu. Wanda ya karanta Risala a zaure zai tuna cewa abin da karenka ko shahonka horarre ya kashe ya halatta ne idan kai ka aike shi. Iska ba wanda ya aike ta, da kanta ta fita da asuba muna barci, ta dawo da tsuntsu matacce. Wannan mushe ne. Da mun riske ta da sauran rai mun yanka, da ta ciwu, kamar yadda ya zo a hadisin Abu Sa'alaba game da abin da karen da ba a horar ba ya kama. Ba mu riske ta ba.

Abin da ya burge ni shi ne yadda shari'a ta san wannan dabbar ciki da waje. Ba ta ce a kashe mata sha'awar farauta ba, ta ce a horar da ita: ka sake ta ta tafi, ka tsawata mata ta tsaya, ta kama ta riƙe maka. Hadisin da ya ce ladan mai ajiye kare yana raguwa kullum ma ya keɓe na farauta da na kiwo da na gona. Wato kare ma'aikaci ne, kuma ma'aikacin da aka bari ba aiki ba horo, shi zai nemo wa kansa abin yi.

Ko da babu maganar halal da haram, ni ba zan sa wannan kurciyar a baki ba. Kurciya mai lafiya ba ta cika tsayawa kare ya cimma ta ba, tashi take yi. Wadda aka kama a ƙasa sau da yawa gajiyayya ce, ko mai ciwo, ko wadda ta ci hatsin da aka yi wa feshin magani. Mun san murar tsuntsaye, a 2006 ta fara ɓulla a Najeriya a wata gonar kaji a jihar Kaduna, aka yi asarar kaji ba adadi. A nan ma an same ta a kasuwar tsuntsaye ta Riyad a ƙarshen 2017. Shi ya sa kuka ga na zura hannu cikin leda kafin in ɗauka. Zan haƙa rami mai zurfi nesa da akurkin kaji in binne, in ɗora dutse don kada Iska ta tono, sannan in wanke hannu da sabulu. Ita kuma za mu sa mata ido yau da gobe, in ta fara amai ko zawo ko ta ƙi abinci, sai wurin likitan dabbobi. Maganin tsutsar ciki dama lokacinsa ya yi.

Tsuntsun ma yana da haƙƙi, kuma wannan yana damuna. Yanzu lokacin ƙaura ne. Daga Satumba zuwa Oktoba tsuntsaye ke tasowa daga Turai da Asiya su ratsa ƙasar nan zuwa Sudan da Habasha, su tsallake Nafud ba ruwa ba inuwa. Da sun hango kore da ruwan gona sai su faɗo a galabaice, wani ko tashi ba ya iyawa sai ya huta. Cikinsu akwai kurciyar da Larabawa ke kira gumri, wadda yawanta ke raguwa sosai a duniya. Hukumar kula da namun daji ta ƙasar nan ta tsara lokacin farauta da irin tsuntsayen da aka yarda a kama, sai da lasisi, kuma tarar mai saɓawa tana da nauyi. Ɗan uwa baƙo mai iƙama, wato takardar izinin zama, kada ka ga kare ya iya kamu ka mai da abin sana'a.

To me za mu yi da Iska? Duka dai babu. Kare ba ya haɗa dukan yanzu da abin da ya yi awa guda da ta wuce. Abin da zai fahimta shi ne idan ya kawo abu gabanka yana shan wuya, gobe sai ya kai bayan rumbu ya cinye a ɓoye, ka ga an koma inda ya fi muni. Baba ya nuna mana yadda ake yi tun tana ƙarama. Ya riƙe guntun nama a hannu, ya kira sunanta, ya ce "saki", tana sakin abin da ke bakinta ya ba ta naman ya shafa wuyanta. Ba tsawa, ba kokawar fizgewa. Da haka har ta saba cewa sakin ya fi riƙon riba.

Mun kuma yanke shawarar a riƙa ɗaure ta da doguwar igiya a inuwa daga asuba zuwa hantsi, da kuma gab da magariba, lokutan da tsuntsaye ke sauka shan ruwa, har ƙaurar ta wuce. Da la'asar sakaliya kuma ƙaninmu ɗan Damagaram zai riƙa fita da ita fili bayan katanga, ya ɗaura tsumma a igiya ya ja da babur ta bi, ta zubar da gudun da ke cinta. Shi da kansa ya ce a ba shi aikin, bayan Baba ya zaunar da shi. Kajin gida kuwa tare ta tashi da su, ba ta taɓa kula su ba, amma duk da haka za mu gyara ragar akurkin inda ta yage, don 'yan tsaki suna fitowa ta nan.

Ga Baba can yana kira, an kunna injin ruwa, layin dabinon gabas ne nawa yau. Zan ɗauki shebur in fara binne wannan tukuna. Idan mai gona ya ba mu mota ranar Juma'a, zan kai ku Jubba ku ga karnukan nan na jikin dutse da idonku. Sai mun haɗu, ku gaida mutanen gida.